Na Gani da Idona: In Yi Shiru ko In Faɗa?

Darasin Matasa da Ɗalibai

Karatu: Joshuwa 7:1-26, Ayyukan Manzanni 23:12-24
Ayar haddacewa: Afisawa 5:11
Manufa: Ɗalibi mai bi ya san abin da Ubangiji yake so ya yi sa'ad da ya ga ana satar amsa, da kuma hanyar da zai bi ya yi shi cikin ƙauna da hikima.

Gabatarwa

 Darasinmu na yau yana da nauyi, domin ya shafi abokinka na kusa, wanda kuke cin abinci a kwano ɗaya. Yawancinmu mun yarda satar amsa zunubi ne. Tambayar da muke gudu ita ce: idan kai ba ka yi ba, amma ka ga wani yana yi, akwai wani hakki a wuyanka?

Garinmu Wudil garin karatu ne. Muna da jami'ar kimiyya da fasaha wadda ta fara aiki a 2001, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Dangote. Muna da Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda, inda matasa daga kowace jiha ta Nijeriya suke zuwa. Ga kuma makarantun sakandare, inda 'ya'yanmu suke zama jarrabawar WAEC da NECO kowace shekara. Darasin nan ba ya nuna wata makaranta da yatsa. Abin da nake so ka gane shi ne, wanda yake zaune kusa da kai a ɗakin jarrabawa yau, gobe shi ne injiniyan da zai duba gada irin wadda muke hawa kullum a kan kogin Wudil. Shi ne jami'in da za a kai wa ƙara, shi ne malamin da zai koyar da ɗanka. Abin da ya saba yi a aji, shi zai kai wurin aiki.

1. Girman Matsalar

Maguɗin jarrabawa tsohon ciwo ne a ƙasarmu. A 1977 tambayoyin WAEC sun fita kafin ranar jarrabawa, har gwamnati ta kafa kwamitin bincike. A 1984 gwamnatin soja ta yi doka mai hukuncin ɗaurin shekara 21 ga wanda aka kama. A 1999 aka yi dokar da ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗauri har zuwa shekara 3 ga ɗalibin da bai kai shekara 18 ba, da ɗaurin shekara 4 ba zaɓin tara ga malami ko mai kula da jarrabawa da ya sa hannu a ciki. Duk da haka abin bai tsaya ba. A 2023 hukumar WAEC ta riƙe sakamakon ɗalibai fiye da 260,000 saboda zargin maguɗi. A 2024 ta riƙe na fiye da 215,000, wato kusan kashi 12 cikin 100 na waɗanda suka zauna.

Salon satar ma ya canja. Dā ƙaramar takarda ake ɓoyewa a cikin safa, ko a rubuta a tafin hannu. Yanzu waya ce. Ana tura amsa ta WhatsApp da Telegram. Ana yin sojan gona, wani ya zauna wa wani. Ana biyan kuɗi a rubuta wa ɗalibi aikin bincikensa na shekarar ƙarshe. Akwai kuma cibiyoyin da ake kira “mirakul senta”, inda iyaye suke biyan kuɗi masu yawa don a rubuta wa 'ya'yansu amsa a allo. Dubi yadda aka ɗauki sunan mu'ujiza, aikin ikon Allah, aka liƙa wa sata!

Me ya sa doka mai tsanani ta kasa? Dalili ɗaya shi ne, mai kula da jarrabawa idonsa biyu ne kawai, ɗalibai kuwa suna iya kai ɗari a ɗaki ɗaya. Waɗanda suka fi kowa sanin abin da yake faruwa su ne ɗalibai. Muddin duk sun haɗa baki sun yi shiru, ɓarna za ta ci gaba da samun wurin kwana.

2. Zunubin Mutum Ɗaya, Kukan Jama'a

Karanta Joshuwa 7 a hankali. Bayan faɗuwar Yariko, Akan ya ɗauki alkyabba mai kyau, da shekel 200 na azurfa, da sandar zinariya mai nauyin shekel 50, ya binne a cikin alfarwarsa. Mutum ɗaya ne ya ɗauka. Amma da Isra'ilawa suka tafi yaƙi da ƙaramin garin Ai, aka kore su, mutum wajen 36 suka mutu. Waɗannan mutane ba su taɓa azurfar ba. Matansu sun zama gwauraye, 'ya'yansu sun zama marayu, saboda abin da yake binne a alfarwar wani.

Lura kuma da yadda Ubangiji ya yi wa Joshuwa magana. Ya ɗora laifin a kan Isra'ila duka, ya kuma umarce shi ya tashi daga inda ya faɗi rubda ciki yana addu'a, ya je ya fitar da haramtaccen abin daga cikin sansani. Akwai lokacin da addu'a kaɗai ba ta gama aikin ba, sai an tashi an tone abin da aka binne.

Haka satar amsa take. Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. Idan aka gano maguɗi a wata cibiya, hukumar jarrabawa tana iya riƙe ko soke sakamakon cibiyar gaba ɗaya. Yarinyar da ta kwana tana karatu da fitilar waya, wadda mahaifiyarta ta sayar da akuya ta biya mata kuɗin rajista, ita ma sakamakonta ya tafi. Ko ba a kama kowa ba, akwai wanda aka cuta. Gurbin shiga jami'a ƙidayayye ne. Duk wanda ya shiga da makin sata, akwai mai gaskiya da ya koma gida ya jira wata shekara.

Je ka kasuwar Wudil ranar Juma'a. Da za ka ga mai awo ya lotsa gindin mudunsa yana auna wa tsohuwa dawa, za ka ce ba ruwanka? Karin Magana 11:1 ta koya mana cewa Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin algus, yana murna da ma'auni na gaskiya. Jarrabawa ma'auni ce, da ita ake auna abin da yake cikin kan mutum. Mai satar amsa ya lotsa mudun, jama'ar gari kuma su za su karɓi awon da bai cika ba.

3. “Ni Ba Munafuki Ba Ne”

Wannan ita ce maganar da na fi ji daga bakin matasa a zumunta. Ba wanda yake so a kira shi munafuki, ko ɗan gulma, ko mai tona asiri. Tsoron yana da dalili, gama Littafi Mai Tsarki da kansa ya tsawata wa annamimi. A Littafin Firistoci 19:16 an hana mu yawo da tsegumi a cikin jama'a. Amma kada ka tsaya a rabin ayar. A cikin ayar nan ɗin aka hana mu tsayawa muna kallo sa'ad da ran maƙwabcinmu yake cikin hatsari. Aya ta 17 kuma ta ce mu tsauta wa ɗan'uwa a fili don kada mu yi tarayya cikin laifinsa. Littafin Firistoci 5:1 ya ƙara da cewa wanda ya ga abu ko ya san shi, aka nemi shaida ya ƙi magana, alhakin yana kansa.

Ashe akwai kai magana iri biyu. Bari mu duba su.

Kai magana na mugunta. Doyeg mutumin Edom ya ga Dawuda a Nob wurin Ahimelek firist. Ya riƙe maganar har ranar da Saul yake cikin fushi, sa'an nan ya faɗa don ya sami shiga wurin sarki. Ƙarshen abin, firistoci 85 suka mutu a rana ɗaya, da hannun Doyeg ɗin (1 Sama'ila 22). Haka ma hakiman da suka kai ƙarar Daniyel wurin sarki Dariyus. Kishi ne ya sa su, gama sun bincika aikinsa ba su sami aibu ba (Daniyel 6).

Kai magana na ceto. Mordekai yana zaune a ƙofar fada ya ji fādawa biyu, Bigtana da Teresh, suna shirin kashe sarki Ahasurus. Ya faɗa wa Esta, Esta ta faɗa wa sarki, aka bincika aka tarar gaskiya ne (Esta 2:21-23). Mutanen gidan Kuluwi suka sanar da Bulus cewa akwai tsattsaguwa a ikilisiyar Koranti, ta haka aka sami wasiƙar da muke karantawa har yau (1 Korantiyawa 1:11).

Doyeg ya ga abu ya faɗa, Mordekai ma ya ji abu ya faɗa. Bambancinsu yana cikin zuciya. Ɗaya yana neman ribar kansa ta wurin hallakar wani, ɗayan yana neman a tsare rai. Kafin ka buɗe baki, tambayi kanka a gaban Ruhu Mai Tsarki: ina so a gyara ne, ko ina so in ga faɗuwarsa? Da ƙanena ne, haka zan yi? Da ba mu yi faɗa da shi ba makon jiya, zan faɗa?

4. Darasi Daga Ɗan 'Yar'uwar Bulus

Karatunmu na biyu labarin saurayi ne kamarka. Ba a faɗi sunansa ba. Ya ji cewa mutum fiye da 40 sun yi rantsuwa ba za su ci ko sha ba sai sun kashe Bulus. Duba matakan da ya bi.

Na farko, bai ɓata lokaci ba, ya tafi kafin a aikata abin. Na biyu, bai shiga kasuwa yana shela ba, ya je wurin wanda maganar ta shafa. Na uku, aka kai shi wurin shugaban sojoji, wanda yake da ikon yin wani abu. Na huɗu, ya faɗi abin da ya sani daidai: su wane ne, su nawa ne, yaushe, ta wace hanya. Na biyar, shugaban ya ja shi gefe ya saurare shi a keɓe, ya kuma gargaɗe shi kada ya faɗa wa kowa cewa ya zo. A daren nan sojoji 470 suka fitar da Bulus daga Urushalima a kan hanyar Kaisariya.

Kwana ɗaya kafin haka Ubangiji ya yi wa Bulus alkawari cewa zai yi shaida a Roma. Da wa ya cika wannan alkawari? Bai aiko mala'ika ba a wannan karo. Ya yi amfani da saurayin da ya ƙi yin shiru.

5. Hanyar da Za Ka Bi

Ga shawarwari shida, ka riƙe su.

Na ɗaya, fara da kanka. Yesu ya ce mu fara cire gungumen da yake idonmu (Matiyu 7:5). Idan kana cikin zauren WhatsApp da ake tura amsa, fita yau. Idan kana buɗe takardarka don na baya ya kwafa, ka sani abokin ɓarawo ɓarawo ne. Mutane da yawa suna kiran wannan taimako. Taimako na gaskiya shi ne ka zauna da shi mako uku kafin jarrabawa ka koya masa abin da bai gane ba.

Na biyu, tabbatar da abin da ka gani. Jita-jita ba shaida ba ce. Maimaitawar Shari'a 19:15-19 ta nuna yadda Allah yake ƙin shaidar zur. Satar amsa tana iya sa a kori ɗalibi daga jami'a, saboda haka kada ka ɗora wa mutum wannan laifi don kawai ka ga ya juya kansa. Faɗi abin da idonka ya gani, kada ka ƙara gishiri.

Na uku, idan akwai dama kafin a aikata, yi masa magana kai da shi. Wannan ita ce hanyar da Ubangiji ya koyar a Matiyu 18:15-17. Ka ce masa, “Ɗan'uwa, na san abin da kake shirin yi gobe. Ina roƙonka ka bari. Zo mu yi karatu tare daren nan. Idan ka yi kuma aka tambaye ni, ba zan yi ƙarya dominka ba.” Wannan jimla ta ƙarshe kaɗai ta isa ta dawo da mutane da yawa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan mai bi ne kuma ya ƙi ji, nemi shugaban zumuntar ɗalibai ko fasto ku koma wurinsa tare.

Na huɗu, idan ya ƙi, ko kuwa abin ya fi ƙarfin magana tsakanin aboki da aboki, kai wa hukuma. Takardar tambayoyi da ta fita, sojan gona, masu karɓar kuɗi su sayar da amsa, malamin da yake neman kuɗi ko yake neman lalata da ɗaliba kafin ya ba da maki, waɗannan ba a sasanta su a ɗakin kwana. A sakandare akwai shugaban makaranta da jami'in da hukumar jarrabawa ta turo. A jami'a akwai mai kula da ɗakin jarrabawa, da jami'in jarrabawa na sashe, da shugaban sashe, da ofishin harkokin ɗalibai. Romawa 13 ta koya mana cewa Allah ne ya kafa masu mulki don tsawata wa mugunta. Kai masu magana biyayya ce ga tsarinsa.

Na biyar, yi hikima, ka tsare kanka. Yesu ya ce mu zama masu wayo kamar macizai, marasa ɓarna kamar kurciyoyi (Matiyu 10:16). Kada ka miƙe a tsakiyar ɗakin jarrabawa kana ihu. Kada ka sa sunan mutum ko hotonsa a Facebook. Je ka a keɓe, ka roƙa a ɓoye sunanka, kamar yadda aka yi wa saurayin nan. Idan kana tsoron za a cuce ka, faɗa wa iyayenka ko fastonka tukuna, kada ka tafi kai kaɗai. 'Yar'uwata, idan malami ne yake matsa miki, ajiye saƙonnin da ya turo, ki tafi tare da babbar mace da kika amince da ita.

Na shida, kada ka yi tara. A nan Wudil muna zaune da maƙwabtanmu Musulmi, muna aji ɗaya, muna ɗakin kwana ɗaya. Addininsu ma ya haramta algus da ha'inci, da yawa cikinsu kuma suna ƙin satar amsa kamar yadda kake ƙinta. Kada ka mai da wannan magana ta addini ko ta ƙabila. Idan ka rufa wa ɗan zumuntarku asiri, ka kai ƙarar wanda ba ya zuwa majami'arku, ka zama Doyeg. Yakubu 2:9 ta kira nuna bambanci zunubi. Mudu ɗaya za ka auna wa kowa.

6. Abin da Zai Biyo Baya

Ba zan ɓoye maka ba, gaskiya ɗaci gare ta. Wataƙila abokai su daina yi maka magana. Wataƙila a sa maka suna. Wataƙila ma wanda ka kai wa maganar ya yi kamar bai ji ba. Mordekai bai sami ko godiya ba a ranar da ya ceci sarki. An rubuta abin a littafin tarihi aka rufe, har daren da barci ya ƙi zuwa wa sarki (Esta 6). Allah yana da nasa littafi, ba ya kuwa mantuwa.

Mu masu ba da gaskiya ga cikar Ruhu Mai Tsarki, bari mu tuna da dalilin da aka ba mu iko. A Ayyukan Manzanni 1:8 an alkawarta iko domin mu zama shaidu. Ruhun da yake ba ka harsuna a wurin addu'ar dare shi ne Ruhun gaskiya, shi ne kuma zai ba ka ƙarfin hali ka ƙwanƙwasa ƙofar ofishin shugaban sashe. Ba shi yiwuwa mu shafa wa biro mai ranar Lahadi, ranar Litinin mu kwafi amsa da shi. Ba shi yiwuwa mu fito gaban ikilisiya da rawa muna ba da shaida a kan sakamakon da aka saya. Hananiya da Safiratu sun kawo baiko da ƙarya a ciki, mun san ƙarshensu (Ayyukan Manzanni 5). Iyaye, wannan magana taku ce. Wanda ya biya kuɗin “mirakul senta” ya koya wa ɗansa da hannunsa cewa Allah ba zai iya ba sai an haɗa da sata.

Kada kuma ka yar da wanda aka kama. Galatiyawa 6:1 ta ce masu ruhaniya su komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u, suna lura da kansu. Ziyarce shi. Yi addu'a dominsa. Idan zai sake zama jarrabawa, ba shi littattafanka. Kunyar da ya sha yana ɗan shekara 19 ta fi masa sauƙi a kan wadda zai sha yana ɗan shekara 45, sa'ad da ginin da ya sa wa hannu ya rushe a kan mutane. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kai kuma da kake karanta wannan, zuciyarka tana bugawa domin ka san takardar da kake riƙe da ita ba guminka ba ne, akwai gafara. 1 Yahaya 1:9 ta tabbatar mana cewa wanda ya furta zunubinsa, Allah zai gafarta masa ya tsarkake shi. Zakka bai tsaya ga furci ba, ya mayar da abin da ya ƙwace (Luka 19:8). Je ka wurin fastonka ku yi shawara a kan yadda za ka gyara. Zama jarrabawa sau biyu ba mutuwa ba ce.

Tambayoyi Don Tattaunawa

1. Mene ne bambanci tsakanin abin da Doyeg ya yi da abin da Mordekai ya yi?
2. Su wane ne suke cutuwa idan ɗalibi ɗaya ya saci amsa? Lissafa aƙalla huɗu.
3. Abokinka ya nuna maka tambayoyin jarrabawar gobe a wayarsa. Mene ne matakinka na farko, mene ne na biyu?
4. Ta yaya zumuntar matasa za ta tsaya wa ɗalibin da ake tsangwama don ya faɗi gaskiya?

Aikin Wannan Mako

Nemi mutum ɗaya a ajinku wanda wani darasi yake ba shi wahala, ka ba shi awa biyu na lokacinka. Ka kuma bincika ka san sunan ofishin da ake kai irin wannan ƙara a makarantarku, tun ranar bukata ba ta zo ba.

Addu'a

Ya Uba na sama, kai ne Allah na gaskiya, ba abin da yake ɓoye a gabanka. Ka tsarkake hannuwana daga sata, ka tsare bakina daga tsegumi da shaidar zur. Ka cika ni da Ruhunka Mai Tsarki, in sami ƙarfin faɗin gaskiya cikin ƙauna. Ka albarkaci makarantun Wudil, da malamansu, da ɗalibansu duka. Ka ba ni fahimi cikin karatuna, in ci jarrabawata da gumina, domin sunanka ya sami ɗaukaka. A cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.